Mutum Ɗaya, Adireshi Biyu

Litinin, da hantsi

Darakta ta kira ni ofishinta, ta ce rumbun bayananmu ya zama ɗakin shirgi, a gyara shi kafin ƙarshen wata. Na ce, ranki ya daɗe, ai na jima ina faɗa. Ta ce, to yau an ji ki, sai ki je ki yi.

Gaskiyarta. Mu ofishin tunatarwa ne na ƙungiyar masu ba da jini. Ba ma taɓa allura, ba ma ganin jini. Namu shi ne mu aika wa mutum imel cewa lokacinka ya yi, ga cibiyar da za ka je, ga rana. In ya bayar kuma mu aika masa godiya. Wanda ya gina rumbun tun kafin a ɗauke ni aiki, Allah ya yafe masa, ya ɗauki adireshin imel ya mai da shi shi ne mutum. Tebur ɗaya tal: adireshi, suna, ranar haihuwa, rukunin jini, cibiya, ranar bayarwa ta ƙarshe. In ka canza adireshi, rumbu ya ɗauka an haifi sabon mutum. In mata da miji suna amfani da adireshi ɗaya, sai ya karɓi ɗaya ya kori ɗaya. Akwai wani dattijo da ya cika mana tebur da kansa, domin duk sanda ya manta kalmar sirri sai 'yarsa ta buɗe masa sabon adireshi.

Maganin ba wuya. A raba teburin biyu. Mutane daban, kowa da lambarsa. Adireshi daban, kowanne yana ɗauke da lambar mai shi. Mutum ya tara adireshi nawa ya ga dama, shi dai mutum ɗaya ne.

Na dawo kujerata na yi wa rumbu tambayata ta kowace safiya. Layin yana nan.

Litinin, da yamma

Mama tana falo, wayar tana caji a gefenta.

Wayar Auta ce, ƙanena. Ya bar ta a kan teburin cin abinci ranar da ya fita, tare da makullin gida. Ba zan rubuta abin da aka yi ranar ba. Wanda yake falon ya ji, kujerar da ta karye kuma an riga an kai ta gyara. Tun daga lokacin Mama take yi wa wayar caji kullum, ba ta yarda ta mutu. Ba wanda ya taɓa kira.

Ina ajiye jaka ta ce, "Ke, yau me jikinki ya ba ki?"

Na ce, "Lafiyarsa ƙalau, Mama."

Ta ɗauka jikina ne yake ba ni. Har faɗa wa maƙwabta take yi wai tun muna yara in ya yi tuntuɓe ni nake jin zafin. Ba jikina ba ne, rumbu ne. Ni na fara jan Auta zuwa ba da jini tun yana ɗalibi, bai kuma daina ba har bayan tafiyarsa. Ya je wata cibiya tamu can ƙarshen gari, ya yi sabuwar rajista da sabon adireshi. Duk sanda ya bayar, ranar takan canza a layinsa. Ba a karɓar jinin mutum sai an auna nauyinsa, an duba bugun jininsa, an tambaye shi ko ya karya kumallo. Saboda haka in ranar ta canza na san yana ci, yana barci, yana tafiya da ƙafarsa.

Na san cibiyar. Ban taɓa faɗa ba. A bakin ƙofa ya tsaya ranar, ya ce, "Yaya, na san aikinki. Ki rantse ba za ki nuna wa kowa inda nake ba." Na rantse. Na ɗauka fushin kwana biyu ne.

Laraba, lokacin hutun rana

Shara nake yi tun safe. Allah ya sani, mutane ba su ɗauki gurbin imel bakin komai ba. Wani ya rubuta da manyan baƙaƙe, gobe ya dawo ya rubuta da ƙanana, rumbu ya ƙirga shi biyu. Wani ya bar fili a ƙarshe, ido ba ya gani amma na'ura tana gani. Wasu sun manta da alamar nan mai nannaɗaɗɗiyar wutsiya da ke tsakiya. Wasu lambar waya suka zuba. Wani bawan Allah ya rubuta "babu". Wani kuma ya rubuta "tambayi matata". Wannan na yi dariya har mai shara ta leƙo.

Na mai da komai ƙananan baƙaƙe, na datse filayen, na ware waɗanda ba adireshi ba ne gefe guda. Ina son irin wannan aikin. Abu ya shigo a hargitse, ya fita a jere, ba wanda ya yi wa wani tsawa.

Alhamis, da safe

Yau na nemi masu maimaici. Na ce wa rumbu, kawo mini duk waɗanda suna da ranar haihuwa da rukunin jini suka zo ɗaya, amma adireshi ya bambanta. Shi rumbu ba ya da kara, abin da ka tambaya shi zai ba ka.

Auta ya fito sau biyu, layi a kan layi.

Na sama tsohon adireshi ne, wanda ni na buɗe masa da zai shiga sakandare. Da sunan tsokana na buɗe, Mai Kunne, saboda kunnuwan nan nasa da suka riga kansa girma. Ya yi ta mita, wai zai canza, bai taɓa canzawa ba. Shi ne a buɗe cikin wayar da ke gefen Mama. Na ƙasa sabo ne, baƙaƙe biyu da wasu lambobi, ba ka ce na ɗan gidanmu ba ne.

Na ba su lamba ɗaya kamar yadda na ba kowa. Aiki ne kawai.

Juma'a, da yamma

Likita ya ƙara wa Mama magani. Ya tambaye ni ko tana da damuwa, na ce tsufa ne.

Asabar, da rana

Rigar da na ɗinka mata bara ta yi mata yawa. Na kawo abinci, ta tsakura, ta ture. Na ce, "Mama, don Allah ko cokali biyu." Ta ce, "Ke kin ci, yaranki sun ci. Shi wa ya sani?"

Na ce ai na gaya miki lafiyarsa ƙalau.

Ta ce, "Jikinki ba idona ba ne. Ni ba magana zan yi masa ba. In gan shi kawai, ko daga nesa."

Na kwashe kwanuka na shiga kicin, na daɗe ina wanke abin da ba shi da datti.

Litinin, da hantsi

Saura magana ɗaya kafin a sauya rumbu. In mutum yana da adireshi biyu, wanne za a riƙa aika wa saƙo? Dole a sa wa ɗaya alamar cewa shi ne babba.

Hanya biyu ce. Ko a ɗauki mafi sabunta, ko a ɗauki wanda aka tabbatar, wato wanda mai shi ya taɓa buɗe saƙonmu ya danna inda muka ce ya danna. Adireshin da mutum ya cika da kansa a shafinmu yakan zama tabbatacce. Wanda nas ta rubuta masa a teburin karɓar baƙi, yawanci ba a komawa a tabbatar da shi.

Na kai wa Darakta duka biyun. Na yi mata bayanin na biyu da kyau. Na ce, ranki ya daɗe, sabon adireshi zai iya zama da kuskure, nas tana sauri, layi ya yi tsawo, harafi ɗaya ya kauce shi ke nan saƙo ya faɗa hannun baƙo. Tabbatacce kuwa mun san ya taɓa isa ga mai shi. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko a gaban wa zan maimaita.

Ta ce, "Ke kika san aikinki. Yi wanda ya fi."

Na farko ban yi masa dogon bayani ba. Ba ta tambaya ba.

Litinin, kafin a tashi

Na tambayi rumbu su wane ne tsari na biyu zai mai da saƙonsu tsohon adireshi. Ba su da yawa. Na karanta sunayen daga sama har ƙasa. Na rufe.

Talata, bayan magariba

Ban san abin da ya kai ni ba, na ba Baban yara labarin tsarin muna cin abinci. Ban ambaci kowa ba, a dunƙule na faɗa. Ya saurara yana tauna, ya ce, "Ni dai in na tashi daga gida, ba na so a ci gaba da kai mini wasiƙa can. Ai da dalili mutum yake canzawa."

Na ce, "Kai da wayoyin lantarki, me ka sani game da rumbun bayanai?"

Ya ce, "Ban san komai ba. Na dai san in ka haɗa waya da tsohon layi, fitilar da za ta kama ba ita kake nufi ba. Sai dai in ita kake nufi."

Ya dubi falo inda wayar take caji, ya dube ni. Na tashi ɗebo ruwa alhali jug cike yake.

Alhamis, da rana

Na rantse ba zan nuna ba. Ban nuna ba. Ba zan nuna ba.

Asabar, da safe

Ni kaɗai ce a ofis, sai mai gadi a ƙofa. Na ɗauki kwafin ajiya, na gwada komai a kan kwafin, ya tafi sumul. Na koma kan na gaske. Mutane suka shiga teburinsu, adireshi suka shiga nasu, kowanne ya kama lambar mai shi. Dattijon nan ya koma mutum ɗaya. Ma'auratan da aka kora suka samu wuri. Na kuma ɗaure teburan biyu yadda in an goge mutum, adireshinsa duka su bi shi, kada a bar marayun layuka suna yawo. Wannan ɗaurin na yi alfahari da shi.

Kafin abu ya zauna, na'ura takan jira ka ce mata ta tabbatar ko ta janye. In ka ce janye, komai ya koma yadda yake kamar ba a yi ba. Na zauna ina kallon allon. Na tashi na buɗe taga, na dawo. Na ce ta tabbatar.

Litinin, da yamma

Darakta ta yaba mini a gaban kowa. Na ce a'a, ai aiki ne kawai.

Talata, da safe

Saƙon tunatarwa yakan fita mako guda kafin ranar mutum. Na san ranarsa. Na kasa karya kumallo.

Laraba, da rana tsaka

Mama ta kira ni a ofis, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ke! Wayar ta yi ƙara!"

Na ce, "Wace waya, Mama?"

Wai wace waya. Allah ya gani, haka na ce.

Ta ce ta sa tabarau ta karanta da kanta, sannu a hankali. Da sunansa a sama. An ce lokacin ba da jininsa ya yi, Laraba mai zuwa da safe, a cibiyar da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ta karanta mini har da layin ƙasa mai cewa kada a amsa wannan saƙo. Ta ce, "Ba ofishinku ba ne wannan?"

Na ce na'ura ce take aikawa da kanta, mu ba ma gani.

Ta ce, "Ikon Allah."

Na ce, "Ikon Allah."

Laraba, bayan magariba

Ta cinye abincinta ta nemi ƙari. Ta sa na fito mata da mayafinta mai kyau a goge. Har tsokanar Baban yara ta yi, wai tumbinsa ya riga shi shigowa falo. Ya yi dariya don ta ji daɗi, ni kuwa bai dube ni ba.

Duk mai ganin laifina ya zo ya ga kwanon nan da aka suɗe.

Lahadi, da yamma

Na ce mata kada ta je. Na faɗa da bakina, a rubuta. Ta ce in ba zan kai ta ba za ta hau motar haya. Na ce to zan kai ki, amma ba zan fito daga mota ba.

Laraba, da la'asar

Mun dawo. Mama ta shiga ɗaki. Bari in rubuta tun ban fara gyara labarin ba.

Cibiyar ƙaramin gini ce, da benci a baranda da tukunyar fure da ta bushe. Na tsaya a tsallaken titi. Mama ta haye ita kaɗai, ta zauna a bencin, wayar a hannunta, jakarta a cinya. Ita da ta ce daga nesa.

Ya zo a kan keke. Na gane kunnuwan kafin in gane fuskar, domin ya tara gemu. Bai rame ba, har ma ya yi ƙiba kaɗan. Kayan aiki ne a jikinsa masu tabon fenti. Ya jingine keken, ya juyo, ya gan ta.

Na ɗauka zai hau kekensa ya juya. Bai juya ba. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta yadda aka koya masa. Ta kama kansa da hannu biyu, tana shafawa, bakinta yana motsi. Ban ji abin da take cewa ba. Ya bar ta ta gama. Sannan na ga ya yi tambaya, ta miƙa masa wayar tana murmushi, tana nuna masa allon.

Ya karanta. Ya daɗe yana kallon saƙon da bai fi layi kaɗan ba. Sai ya ɗaga kai yana duba titi, mota bayan mota, har ya zo kan tawa.

Ya danna wasu abubuwa a wayar, ya mayar mata. Ya tashi ya tsallako. Na sauke gilashi tun kafin ya iso.

Ya ce, "Yaya, ina kwana."

Na ce, "Auta, wallahi ban gaya mata ba. Rumbu muka sauya, tsarin ne ya..."

Ya ce, "Wa ya rubuta tsarin?"

Na mai da idona kan sitiyari.

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga. Ya ce, "Kin ɗauka ban san kina gani ba? Akwai asibiti kusa da inda nake, suna karɓar jini, ba ruwansu da ku. Nake tuƙo keke har nan don ranar ta canza a gabanki, ki samu abin da za ki gaya wa Mama. Iyakar abin da zan iya ke nan yanzu. Na ɗauka kin gane."

Na ce, "Ba ta cin abinci, Auta."

Ya ce, "Da sai ki rubuto mini. Adireshin yana gabanki kullum. Ki ce Mama ba ta cin abinci, ki bar ni in yi tunani. Amma kika sa na'ura ta yi miki."

Ban taɓa tunanin haka ba. A'a, ƙarya nake yi, na yi. Tsoro na ji kada ya ce a'a.

Ya koma ya raka Mama har mota, ya buɗe mata ƙofa, ya gyara mata mayafi kada ƙofa ta datse. Ya ce, "Ku sauka lafiya." Sannan ya shiga ciki ya ba da jininsa, tunda an riga an sa masa rana.

A hanya Mama ta yi ta magana. Ya yi ƙiba, ko kin gani? Gemun bai yi masa kyau ba. Ya sa mini lambarsa a wayar, na ga yana dannawa.

Alhamis, da safe

Ta ba ni wayar in nemo mata lambar. Babu lamba. Imel ɗin ya cire daga wayar gaba ɗaya.

Na ce mata wataƙila bai shiga ba, irin tsofaffin wayoyin nan.

Alhamis, da hantsi

Ranar ta canza a layinsa. Saƙon godiya ya fita, ya tafi adireshin Mai Kunne, inda ba mai buɗewa.

Na mai da tsarin kan mafi sabunta. Na gaya wa Darakta na sake nazari. Ta ce, ai na ce ke kika san aikinki. Gyaran bai ɗauke ni komai ba, layi ɗaya ne na canza.

Asabar, da rana

Na rubuta masa. Na goge. Na rubuta. Na aika daga wayata, ba daga ofis ba, kamar hakan zai canza inda na samo adireshin.

Lahadi, da yamma

Saƙon ya dawo. An ce babu wannan adireshin.

Talata, da hantsi

Darakta ta turo mini buƙatun mako kamar yadda ta saba. Masu canza cibiya, masu gyara suna, sai mai neman a cire shi daga rumbu gaba ɗaya. Haƙƙin kowa ne, ni da kaina na rubuta ƙa'idar. A cibiya ya cika takardar, nas ta ɗauki hotonta ta turo. Rubutunsa ne, mai karkata hagu, wanda na sha dukan hannunsa a kai.

Akwai gurbin dalili. Da ya rubuta gaskiya, yau da ina tattara kayana a kwali. Ya bar shi fari.

Nas ɗin cibiyar ta kira ni da kanta. Ta ce, "'Yar'uwa, ba yadda za a yi a lallashe shi? Irin jininsa ba a samu da sauƙi, kuma bai taɓa saɓa rana ba. Ko mun yi masa wani laifi ne?" Na ce ba ku yi masa komai ba. Ta ce to Allah ya kyauta, mutumin kirki.

Na ce wa Darakta kaina yana ciwo, zan yi gobe.

Laraba, da safe

Ban yi ba.

Alhamis, bayan magariba

Baban yara ya same ni a kicin. Ya ce, "Kin goge?" Ban san na gaya masa ba, ashe na gaya masa.

Na ce, "In na goge shi ke nan. Ba ni da wani abin."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Zan iya sa masa alamar an cire, in bar layin a ɓoye. Ba wanda zai gane. Ko in kwafe shi a wani wuri."

Ya ce, "Za ki iya." Ya ɗauki kofi ya wanke, ya kife. Ya ce, "Sau ɗaya ya roƙe ki abu, kin ga yadda aka yi. Wannan na biyu ne."

Na so in yi masa rashin kunya, sai na juya na ci gaba da wanke-wanke.

Juma'a, da hantsi

Na kira lambarsa a rumbu, na duba sau ɗaya. Suna, ranar haihuwa, rukunin jini, cibiya, ranar Larabar nan. A ƙasa adireshi biyu, na Mai Kunne da ɗayan.

Shi kaɗai na ce a goge. Ɗaurin da na yi alfahari da shi ya yi aikinsa, adireshin suka bi shi ba tare da na taɓa su ba. Na'ura ta tsaya tana jira, tabbatar ko janye.

Na tabbatar.

Kwafin ajiya yana juyawa da kansa, sabo yana hawa kan tsoho. Ban taɓa shi ba, ba kuma zan buɗe shi ba. Nan da ɗan lokaci can ma layinsa ba zai kasance ba.

Litinin, da safe

Hannuna ya yi tambayar safe da kansa kafin in tuna. Rumbu ya ce babu layi.

Laraba, lokacin hutun rana

Rumbun yana aiki lafiya lau. Saƙonnin da ke dawowa sun ragu, ma'aurata suna samun nasu, dattijon nan ya daina karɓar tunatarwa bisa tunatarwa. Darakta tana so in je in koya wa wani reshe yadda na yi. Na ce to.

Na goge tambayar safen daga inda na ajiye ta. Na sake rubuta ta, don na haddace. Na sake gogewa.

Asabar, da yamma

Mama tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Ta gan shi, ta taɓa kansa, wannan ba wanda zai ƙwace mata. Ina faɗa wa kaina haka. Wani lokaci yana kama ni, wani lokaci ba ya kamawa. Na yi nadama, ba na jin kunyar rubutawa. Yana tuƙo keke daga wani gefen gari, yana miƙa hannu a soka masa allura don ya gaishe mu, ni kuma na raina gaisuwar.

Litinin, da yamma

Na shigo na ajiye jaka. Tana falo, wayar a gefenta. Tun ranar cibiya ba ta yi mini tambayar ba, sai yau.

"Ke, yau me jikinki ya ba ki?"

Na buɗe baki in ce lafiyarsa ƙalau, kamar kullum.

Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta cire tabarau, ta kafa mini ido.

Ta ce, "Da can kin sani ke nan."

Ta juya ta gyara wa wayar caji.